Kundin aiki: haɗa wa injin dizal iskar furofen

6 ga Janairu

Injin da za a yi aikin a kansa na janareta ne: silinda huɗu, lita 3.9, mai turbo (fankar da hayaƙin inji ke juyawa tana tura masa ƙarin iska), ba shi da na'urar sanyaya iska bayan turbo, kompreshin 17.5 da 1, yana juyawa zagaye 1500 a minti, iyakar lodinsa kilowat 50. Famfon mai na gargajiya ne mai gwamna a jiki, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, babu kwamfuta. Mun zaɓi janareta maimakon mota ne saboda gwamna. Idan aka ƙara wa inji makamashi ta wata hanya, gwamna zai rage dizal da kansa don riƙe gudu, sai kawai a ɗora tankin mai a sikeli a ga nawa ya ragu. A mota ƙafar direba ce gwamna, ita kuwa ba a auna ta.

Duk inda aka ce gas a kundin nan, iskar furofen ake nufi, irin ta tukunyar gas ɗin girki, ba man dizal da wasu ke kira gas ba.

Dizal yana kamawa da kansa a wajen digiri 210, shi ya sa zafin matsi kaɗai ke kunna shi. Furofen sai ya kai wajen digiri 470. Don haka idan aka zuba shi kaɗan cikin iskar da inji ke shaƙa, zai shiga silinda a matse shi bai kama ba, har nozul ta fesa dizal, dizal ya kama, wutar ta ci gas ɗin da ke kewaye. Masu tallar irin wannan kaya kan ce gas yana sa dizal ya ƙone ƙurmus kamar wani magani. Mu dai mai muke ɗaukarsa, mai na biyu: kilo ɗaya nasa yana da makamashi megajul 46 (megajul ma'aunin makamashi ne), na dizal 43. A kan wannan za a yi duk lissafi.

13 ga Janairu

Kafin a kawo gas kusa, sai da aka san halin injin da dizal zalla. An cire turbo, an huda bututun hayaƙi daf da inda yake shiga turbo, an yi masa zare, an ɗaura ma'aunin zafi nau'in K, bakinsa a tsakiyar hayaƙin. Ba a hudawa turbo na ɗaure, domin ɓarɓashin ƙarfe zai faɗa kan fukafukansa. Gaban turbo ake aunawa. Bayansa zafi ya riga ya sauka da digiri 100 zuwa 150, ma'auni sai ya kwantar wa mutum hankali a banza. An kuma sa geji a bututun shigar iska.

Kowane lodi an bar shi minti 20 ya daidaita, sannan aka auna na minti 30:

Babu lodi: dizal kilo 1.8 a awa.
Kilowat 12.5: kilo 4.4, hayaƙi digiri 270, matsin turbo bar 0.15.
Kilowat 25: kilo 7.0, digiri 380, bar 0.35.
Kilowat 37.5: kilo 9.6, digiri 480, bar 0.6.
Kilowat 50: kilo 12.3, digiri 580, bar 0.9.

An gwada nozul huɗun a famfon gwaji. Ta silinda ta uku tana ɗiga bayan feshi, an canja ta. Injin da nozul ɗinsa ke ɗiga, ko taiminsa ya goce, ko ringinsa ya mutu, ba a haɗa masa gas; duk ciwon da ke jikinsa gas zai tono shi.

21 ga Janairu

Lissafin jet, wato ɗan ramin da ke ƙayyade yawan gas ɗin da ke shiga inji. A kilowat 37.5 inji na cin megajul 413 a awa. Kashi 20 cikin 100 na wannan shi ne megajul 83, wato gas kilo 1.8 a awa, kimanin lita 16 na iska a minti. Iskar da injin ke shaƙa a wannan lodin ta kai kilo 240 a awa, saboda haka gas zai zama kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na abin da ke bin bututu. Furofen ba ya kamawa a sarari sai ya kai tsakanin kashi 2.1 da 9.5. Ke nan abin da ke wucewa ta turbo bai kai rubu'in matakin kamawa ba sosai. Wannan tazara ce ta ba mu damar zuba gas a gaban turbo, kuma ba za mu yarda a matso kusa da kashi ɗaya ba.

An saita regileta, na'urar da ke rage matsin gas, a bar 1.0 sama da matsin iskar sarari da gangan. Da zarar matsin gas ɗin da ke shiga jet ya kusa ninka na inda yake fita, gas na fita ta ramin da saurin sauti, kuma daga nan yawan da ke wucewa ya dogara ga faɗin rami da matsin regileta kawai. Ko filtar iska ta toshe turbo ya riƙa zuƙa da ƙarfi, ba zai janyo ƙarin gas ba. Da an sa regileta mai ƙaramin matsi, dattin filta ne zai riƙa saita mana inji.

Jet na tagulla huɗu aka huda, aka gwada kowacce da tukunya a kan sikeli: milimita 0.8 ta ba da kilo 0.75 a awa, 1.2 ta ba da 1.7, 1.5 ta ba da 2.65, 1.8 ta ba da 3.8. A lura, ninka faɗin rami yana ninka gas sau huɗu. Wanda ya ce bari ya ɗan ƙara hudawa da ido ya riga ya ɓata jet.

29 ga Janairu

An haɗa layi. Tukunya tana wajen ɗaki, a tsaye, an ɗaure ta da sarƙa. Daga ita sai bawul na hannu, filta, regileta, bawul na lantarki wanda yake rufe sai an ba shi wuta, sannan jet. Bakin da ke zuba gas bututu ne na ƙarfe milimita 6, an sa shi tsakanin filtar iska da turbo, santimita 30 kafin turbo, an lanƙwasa bakinsa ya kalli inda iska ta nufa. Turbo da kansa zai gauraya.

Layi duk na jan ƙarfe ne, sai guntun tiyo na gas a inda ya haɗu da inji saboda girgiza. Tiyon fetur ko na ruwa bai dace ba: gas yana ratsa robar, daga baya ta bushe ta tsage. An bi duk mahaɗa da ruwan sabulu. A bayan regileta kumfa ta riƙa tasowa ƙanana kamar ƙwan kwaɗo, tana taruwa a gindin noti. Bakin bututun ne bai buɗe daidai ba, aka yanke aka sake. Sabulun da za a yi amfani da shi kada ya ƙunshi amoniya, tana tsatstsaga tagulla.

Furofen ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, ƙasa yake kwanciya. Na'urar jin gas an kafa ta taƙi ɗaya daga daɓe, kuma an toshe ramin wayoyi da ke bi ta ƙarƙashin inji. Warin da ake sa wa gas bai isa dogaro ba, hanci na sabawa da shi cikin 'yan mintoci.

Wutar bawul na lantarki tana bi ta makunnai a jere, idan ɗaya ya buɗe, sai gas ya yanke: matsin baƙin mai, wanda ke nuna inji na aiki, matsin turbo, yana kamawa a bar 0.30, zafin hayaƙi, yana yankewa a digiri 650, sai makunnin hannu da jan maɓallin gaggawa. Fis amfiya 3.

5 ga Fabrairu

Gwajin farko da jet 1.2. A kilowat 37.5, da aka buɗe gas, gudu ya ɗan hau na daƙiƙa biyu, aka ga sandar gwamna ta ja baya, inji ya dawo 1500. Dizal ya sauka daga kilo 9.6 zuwa 7.95. Hayaƙi ya sauka zuwa digiri 470. Farar takardar da aka kanga a bakin salansa na daƙiƙa goma ta fito da toka-toka mara kauri, inda da dizal zalla take fitowa da baƙin tabo.

Gas kilo 1.7 daidai yake da makamashin dizal kilo 1.82. Abin da ya ragu 1.65 ne. Wato kusan kashi 90 cikin 100 na gas ɗin ya yi aiki, saura ya fita bai ƙone ba. Rabon gas a makamashin inji ya kama kashi 19.

A sauran lodin, an tsallake makunnin turbo da hannu don a gani. Kilowat 50: dizal ya ragu da kilo 1.75. Kilowat 25: 1.45. Kilowat 12.5: 1.1 kacal, ga warin ɗanyen gas a salansa, ga ido na yaji. Dalili a fili yake. A ƙaramin lodi feshin dizal ɗan kaɗan ne, wutarsa ba ta mamaye silinda, gas ɗin da ke gefe kuwa ya yi tsarwa da yawa da zai ɗauki wuta da kansa, sai ya fice a matsayin ɗanyen gas da iskar kabon monoksaid mai kisa. Don haka ƙasa da kilowat 20 babu gas, an rufe wannan maganar.

Wanda ke son sanin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, ga ma'auninsa: a kilowat 37.5 kilo ɗaya na gas ya maye dizal lita 1.16, a 25 lita 1.02, a 12.5 lita 0.78. Ya kwatanta da yadda yake sayen kowanne.

12 ga Fabrairu

Neman iyaka. Jet 1.5 a kilowat 37.5: dizal kilo 7.0, rabon gas kashi 29, inji lafiya. Jet 1.8 a lodin nan: rabo ya haura kashi 40, kuma sai ga ƙara. Ba irin kaf-kaf ɗin dizal da kunne ya saba da shi ba ce, wannan siririya ce mai kaifi, kamar ana zuba tsakuwa a kwanon ƙarfe. Idan aka kafa dogon sukundireba a jikin inji kusa da tof, aka ɗora kunne a mariƙinsa, ana jin ta tun kafin ta fito fili. An yanke gas cikin daƙiƙa biyar. A kilowat 50 ma jet 1.5 ta fara taɓa wannan ƙarar bayan minti goma, lokacin da iskar shiga ta kai digiri 115.

Abin da ke faruwa shi ne, bayan dizal ya kama, matsi da zafi suna hawa, sai gas ɗin da ke can gefen silinda ya fashe gaba ɗaya tun wuta ba ta iso shi ba. Wannan bugun ne ke karya gadar ringi, ya cinye gefen fistin, ya ƙona gaskit. Yana zuwa da yawan gas, da yawan lodi, da zafin iskar shiga. Injin da ke da na'urar sanyaya iska zai ɗauki fiye da namu.

Wani abu da ya kamata a riƙe: duk lokacin da ake wannan ƙara, ma'aunin hayaƙi bai motsa sama ba, ya ma ɗan sauka, don ƙonewar ta auku da wuri kuma zafin ya shiga fistin maimakon ya bi salansa. Ma'aunin hayaƙi yana kare inji daga yawan mai, ba ya kare shi daga wannan. An yi odar sansa mai jin bugu da za a ɗaura a jikin inji.

19 ga Fabrairu

An mayar da taimin baya da digiri 2. Ƙarar ta ɓace a kilowat 50 da jet 1.5, amma hayaƙi ya hau da digiri 20, kuma da aka kashe gas inji ya ƙara cin dizal. Injin da zai riƙa aiki da dizal zalla a wasu awanni bai kamata a lalata masa saiti don gas ba. An mayar da taimin inda kamfani ya sa.

27 ga Fabrairu

A nan gizo ke saƙa. Gas ba ya bi ta hannun gwamna. An gwada yanke lodi baki ɗaya daga kilowat 37.5. Da dizal zalla gudu ya hau 1590 ya dawo. Da jet 1.5 a buɗe ya kai 1680, wato hez 56 a ma'aunin saurin kaɗawar wutar lantarki, abin da zai iya ƙona kayan da ke kan layi. Lissafi ya nuna dalili: inji mara lodi megajul 77 yake buƙata a awa, gas kuwa yana zuba 122. Gwamna ya rufe dizal iya rufewa, makamashi bai daina shiga ba.

Makunnin turbo ne ya makara. Turbo na ci gaba da juyawa bayan lodi ya tafi, sai da aka yi kusan daƙiƙa biyu kafin matsi ya sauka ƙasa da bar 0.30. Ga kuma tiyo mita ɗaya da rabi tsakanin bawul da jet, cike da gas, wanda ke ci gaba da zuba bayan an rufe.

Gyara uku aka yi. An dawo da bawul na lantarki jikin jet, tsakaninsu santimita 5. An maye makunnin turbo da rile, wato makunnin lantarki, mai auna wutar da janareta ke fitarwa, wanda ke saki nan take. Yana kamawa a kilowat 20, yana saki a 17, don kada ya riƙa kaɗawa idan lodi na yawo a bakin iyaka, kuma yana jinkirin daƙiƙa 10 kafin ya buɗe amma babu jinkiri wajen rufewa. An ƙara makunnin gudu mai yanke gas a 1575. Da aka maimaita, 1605 ya kai.

An kuma sa murfin toshe iska a gaban turbo, mai igiyar ja. Idan bawul ya maƙale a buɗe, kashe dizal ba lalle ne ya tsayar da inji mai zafi nan da nan ba, toshe iska ne ke tsayar da shi.

10 ga Maris

Gwajin awa shida ya fito da matsalar tukunya. Muna ɗibar iska daga saman tukunya, ruwan gas ɗin da ke ƙasa kuma yana tafasa ne da zafin da yake zuƙa daga jikin ƙarfe. Bayan awa uku raɓa ta kwanta a jikin tukunya, daga baya farin ƙanƙara ya zana layi daidai inda ruwan ya tsaya. Gejin regileta ya sauka daga bar 1.0 zuwa 0.7, gas ya ragu, dizal ya hau.

Furofen zalla yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, da ya riƙe matsi duk da sanyin. Faɗuwar ta nuna akwai biyuten, wata iskar gas da ake gaurayawa da furofen, da yawa a ciki, wanda ke tafasa a rabin digiri ƙasa da sifili. Idan ana ɗibar iska daga sama, furofen ne ke fara fita, abin da ya rage yana ƙara zama biyuten. Shi kuwa bai kai furofen jure matsi ba. Lambar oktensa, wato ma'aunin jure matsin mai kafin ya fashe da kansa, wajen 94, ta furofen ta haura 105. Hakan ya bayyana abin da ya ɗaure mana kai a makon jiya, inda jet ɗaya da lodi ɗaya suka yi shiru da cikakkiyar tukunya, suka yi ƙara da ta kusa ƙarewa. A Amurka gas ɗin inji yana da ma'aunin HD-5, furofen aƙalla kashi 90, furofilin, wata iska dangin furofen, kada ya wuce 5. A Turai ma'aunin EN 589 ne. Inda ba a san haɗin gas ba, sai a saita jet bisa mafi munin tukunya.

24 ga Maris

An koma ɗibar ruwan gas, da tanki mai bututun da ya kai gindi, da regileta mai ɗumama da ruwan lagireto, irin ta motoci masu gas, duka masu tambarin R67, ƙa'idar ingancin kayan gas na motoci. Ta haka haɗin gas ba ya canjawa daga cikar tanki har ƙarewarsa. Zafin da ake buƙata bai kai wat 300 ba, tiyon ruwa milimita 16 ya wadatar. Tanki ba a cika shi fiye da kashi 80. An sa bawul mai sakin matsi a layin ruwan gas tsakanin bawul biyu, domin ruwan da aka kulle a bututu idan ya ɗumama yana iya fasa shi.

Ranar farko an yi kuskuren buɗe gas ruwan inji yana digiri 25. Cikin minti ɗaya regileta ta yi fari fat, ruwan gas ya wuce bai zama iska ba, inji ya yi wata irin zabura da ƙara mai ƙarfi, makunnin gudu ya yanke. Lita ɗaya ta ruwan furofen tana zama lita 270 ta iska, don haka ɗigo kaɗan ta jet ya ninka abin da aka saita sau da yawa. An ƙara makunni a jerin: sai ruwa ya kai digiri 60. An kuma gano iska ta maƙale a tiyon ruwa saboda regileta ta fi bakin lagireto tsawo, aka sauke ta santimita 20.

2 ga Afrilu

Saitin da aka tsaya a kai yana da jet biyu, kowacce da bawul nata. Jet 1.2 tana aiki daga kilowat 20 zuwa sama. Jet 0.8 tana ƙaruwa a kai tsakanin kilowat 32 da 44 kawai. A 37.5 gas kilo 2.45, dizal 7.2, rabo kashi 27. A 50 rabo ya koma kashi 15. Sansar bugu ta iso, an ɗaura ta tsakanin silinda ta biyu da ta uku, an saita ta da jet 1.8 na 'yan daƙiƙu. Yanzu ita ma tana cikin jerin masu yankewa.

23 ga Afrilu

Awa 100 da gas. Sikeli ya nuna gas na jet 1.2 ya sauka zuwa kilo 1.45. Da aka kwance ta, an tarar da wani mai rawaya mai danƙo ya rage ramin. Ragowar mai nauyi ne da ke zuwa cikin ruwan gas, yana taruwa a regileta idan ta yi zafi. An wanke da kananzir, an busa da iska, ba a tsokana da waya ba don kada rami ya faɗaɗa. An buɗe notin tsiyaya na gindin regileta, cokali guda ya fito. An sa filta ta biyu bayan regileta, kuma za a riƙa tsiyayewa duk awa 100.

An ciro nozul huɗun. Dizal ɗin da ke wucewa ta cikinsu shi ne ke sanyaya bakinsu, kuma an rage shi da rubu'i, shi ya sa ake duba su. Babu canjin launi a allura, feshi daidai, matsin buɗewa bai sauka ba. Gibin bawul na inji yana nan yadda aka bar shi. Baƙin mai bai yi duhun da yake yi a awa 100 ba, amma ba za a tsawaita lokacin juye ba sai sakamakon samfurin da aka tura ɗakin gwaji ya dawo.

Bututun numfashin inji yana fitar da ɗan warin gas, tunda abin da ke tsallake ringi yanzu haɗe yake da furofen. An ja masa tiyo zuwa waje. Sauran aiki: auna kabon monoksaid a salansa a kilowat 25 da 37.5, sannan a ɗaura na'urar sanyaya iska bayan turbo a sake gwajin 12 ga Fabrairu daga jet 1.5.